Yadda Ake Haɗa Na'urar Riƙe Gudu a Ƙaramar Mota Mai Giyan Taimako

Ƙananan motoci masu giyan taimako irin su Suzuki Jimny, Daihatsu Terios da Lada Niva an ƙera su ne don gargada da laka da hawan dutse. Amma kafin a kai ga dajin sai an ci doguwar kwalta, kuma a nan ne ƙafar dama ke shan wahala: inji ƙarami, giya gajere, totur sai an danne shi awa uku ko huɗu ba sassautawa. Yawancin tsofaffin samfuran ba su zo da na'urar riƙe gudu (cruise control, wadda ke riƙe wa direba totur a gudun da ya zaɓa) daga kamfani ba, shi ya sa masu su ke sayo ta daban su haɗa. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya makaho ɗan Amurka, Ralph Teetor, shi ya ƙirƙiro ta, kuma kamfanin Chrysler ya fara sa ta a motocinsa a 1958.

Kafin ka ɗauki sifana, ka riƙe wannan a ranka. Za ka ba wa wata na'ura ikon jan totur ɗin motarka ne. Jan ba shi da wuya, kowace na'ura ta iya. Abin da ke raba aiki mai kyau da aiki mai haɗari shi ne sakin: ka taka birki ta saki, ka taka kuloci ta saki, waya ta tsinke ta saki. Kowane mataki da ke tafe, da wannan ma'aunin za ka auna shi.

Fara da duba totur, kafin ka sayi komai

Buɗe bonet, ka sa wani ya taka totur mota a kashe. Idan ka ga kebur na ƙarfe yana jan wani ɗan faifai a bakin shigar iska, motarka mai kebur ce. Idan babu abin da ya motsa, leƙa ƙarƙashin sitiyari: za ka ga soket a jikin matakin totur, galibi mai waya shida. Wannan totur na lantarki ne. Kada ka dogara da shekarar mota kawai, domin samfuri ɗaya yakan canza a tsakiyar zamaninsa, kuma abin da aka kai wata ƙasa yakan bambanta da na wata.

Mai kebur tana buƙatar na'ura mai injin ja. Iri biyu ne: mai aiki da zuƙar iskar inji, da mai ƙaramin moto na lantarki. A ƙaramin inji ni dai na lantarki nake ba da shawara. Dalili kuwa, zuƙar iska tana raguwa ne daidai lokacin da totur ya buɗe sosai, wato a hawa, inda aka fi buƙatar ja. Injin Jimny mai lita 1.3 yana yawan tafiya da totur a buɗe, don haka mai zuƙar iska sai an ƙara masa ɗan tankin ajiya da bawul mai hanya ɗaya, in ba haka ba ya sake ka a tsakiyar tudu. Injin dizal kuma ba ya samar da wannan zuƙar a bututun shigar iska kwata-kwata.

Mai totur na lantarki ta fi sauƙi: ɗan akwati ne da ke shiga tsakanin matakin totur da ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji. Sharaɗin kawai ka sayi wanda wayoyinsa aka yi su don ainihin samfurin motarka, soket ya shiga soket ba tare da yanka ba. Kamfanoni irin su Rostra da Waeco sun daɗe a wannan sana'a. Duk wanda ka saya, ka tabbatar littafin haɗawa yana cikin kwalin, kuma inda lambobinsa suka saɓa da nawa, nasa za ka bi.

Kayan aiki ba su da yawa: mitar gwajin wuta ta dijital, ƙarfen dalma da dalmarsa, robar da ke tsukewa da zafi, filaya, sifanoni, igiyoyin roba na ɗaure waya, jak, da zanen wayarin motarka. Wannan na ƙarshe ya fi sauran muhimmanci. Launin waya da wani ya faɗa maka ba hujja ba ne sai mita ta tabbatar.

Cire kan batir mai alamar ragi, ka jira aƙalla minti biyu kafin ka taɓa wani abu kusa da sitiyari. Jakar iska tana riƙe wuta na ɗan lokaci bayan an cire batir. Duk waya ko soket mai launin rawaya a wannan wurin nata ne: kada ka yanka, kada ka soka masa mita, kada ka raɓe shi da fitilar gwaji.

Neman siginar gudu

Na'urar ba za ta riƙe gudun da ba ta sani ba, don haka dole ta ji bugun da ke nuna saurin mota. Hanya uku ake samunsa.

Ta farko, wayar da ke kawo sigina daga na'urar auna gudu zuwa maleji ko ƙwaƙwalwar mota. Ka gano ta a zanen wayarin, sannan ka gwada. Mayar da batir na ɗan lokaci, sa duwatsu ko katako a tayoyin gaba, giya a firi, taimako a 2H (inda tayoyin baya kaɗai ke turawa), ka ɗaga tayar baya guda ɗaya tak. Guda ɗaya na ce, domin idan ka ɗaga biyun ka juya ɗaya, ɗayar za ta juya baya, farfela kuma ta tsaya cik, sai ka ɗauka wayar ce ba daidai ba. Kunna makulli ba tare da tada inji ba, ka juya tayar a hankali da hannu. Idan wayar ce, mita za ta riƙa tsalle tsakanin sifili da bolt 5 ko 12. Motocin Japan da yawa suna ba da bugu 2548 a kowace kilomita, wato zagaye 637 sau bugu huɗu. Rubuta adadin bugun motarka, za ka buƙace shi wajen saiti.

Ta biyu, a sababbin motoci, ita ce layin CAN, wato wayoyin da kwamfutocin mota ke aika wa juna bayanai ta ciki. A soket ɗin gwaji mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, baki na 6 da na 14 su ne wannan layi. Idan na'urarka ta san yaren motarka, daga nan za ta karanta gudu, wani lokaci har da birki. Ka haɗa ta bayan soket ɗin, ka bar bakinsa a buɗe don na'urar gwajin bakanike.

Ta uku ita ce maganaɗisu a jikin farfela, ga tsofaffin motoci masu maleji na kebur. A nan ne mota mai taimako ta bambanta da sauran, kuma a nan aka fi yin kuskure. Farfela biyu gare ka. Ta gaba ba lallai ta juya ba idan kana 2H, don haka ta baya za ka ɗaura wa. A ta bayan ma, ka zaɓi ƙarshen da ke manne da akwatin taimako, ba wanda ke wajen gatarin baya ba. Gatarin waɗannan motoci yana hawa da sauka sosai, farfela na bin sa. Idan ka sa na'urar ji, wadda ke jin wucewar maganaɗisun, a can, tazararta da maganaɗisun za ta riƙa canzawa, a babban rami ma su daki juna. Ƙarfen da zai riƙe na'urar jin ya zauna a jikin akwatin taimakon kansa, domin akwatin yana kan roba ne, yana ɗan motsi dabam da shasi. Raba maganaɗisun daidai wa daida a zagayen farfelar, duka fuska ɗaya tana kallon waje, ka manna su da gam mai ƙarfi sannan ka ɗaure da wayar ƙarfe. Tazarar da littafi ya faɗa za ka bari, yawanci ba ta wuce santimita ɗaya.

Akwai wuri ɗaya da ba a taɓawa: wayoyin na'urar ABS, mai hana tayoyi kullewa idan an taka birki, da ke jikin tayoyi. Siginarsu mai rauni ce, kuma duk abin da ka jingina musu zai iya rikita birkin motar.

Birki, inda aikin yake

A saman matakin birki akwai makunnin fitilun baya. Waya ɗaya tana da bolt 12 kullum, ɗayar ba ta samun wuta sai an taka. Na'urori da yawa suna son duka biyun. Idan makunnin mai waya huɗu ne, biyu na ƙwaƙwalwar mota ne; nemi biyun da ke kunna fitila.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Wayar da ba ta da wuta sai an taka, na'urar ba wutar kaɗai take jira a kanta ba. Lokacin da ba a taka birki ba, tana leƙa jikin mota ta cikin siririn zaren ƙwan fitilar birki. Muddin tana ganin wannan hanyar, ta san wayar lafiya take. Idan wayar ta tsinke, ko ƙwayayen duka suka ƙone, sai ta ƙi kamawa gaba ɗaya. Da gangan aka yi haka, don kada ta ja totur alhali ba ta da hanyar jin birki.

Matsalar tana zuwa ne idan an canza ƙwayayen zuwa LED, abin da masu waɗannan motoci ke yawan yi. LED ba shi da zare, don haka na'urar takan ɗauka waya ta tsinke. Maganin daidai shi ne rile mai ƙafa biyar, wato makunnin da wuta ke juyawa. Ƙafa ta 86 ta tafi wayar birki mai samun wuta idan an taka, ta 85 ta tafi jikin mota, ta 30 ta karɓi wayar na'urar, ta 87a ta tafi jikin mota, ta 87 kuma ta karɓi bolt 12 ta bayan fis. Ba a taka ba, na'urar na ganin jikin mota. An taka, rile ya juya, ta ga wuta ta saki. Abin da ba zan taɓa yarda da shi ba shi ne a ɗaure wayar na'urar kai tsaye a jikin mota don kawai ta kama. Za ta kama, amma daga ranar ba za ta sake jin birki ba.

Kowane haɗi a wannan layin a yi shi da dalma, a rufe da robar zafi. Maƙallan nan masu cizon waya ta cikin robarta ba su dace da motar da ke shan girgiza da ƙura da ruwa ba.

Idan motar mai giyan hannu ce, kuloci ma dole ya yanke na'urar. In ba haka ba, ka taka kuloci mota ta rage gudu, na'urar ta ƙara totur don ta cike giɓin, inji ya yi rezin har ja. Wasu motoci suna da makunnin kuloci na tada inji, amma shi ba ya aiki sai mataki ya kai ƙasa, kuma kafin nan kuloci ya riga ya saki. Kana buƙatar makunni a saman tafiyar matakin, wanda zai yanke da zarar ƙafa ta ɗan taɓa. Wasu kwalaye suna zuwa da shi, na maganaɗisu ko na dannawa. Wasu na'urori suna da wayar jin juyin inji da ke yankewa idan rezin ya tashi farat ɗaya. Haɗa ta idan akwai, amma a matsayin ƙari, ba madadin makunnin ba.

Wuta kuwa a ɗauko ta daga layin da ke mutuwa idan an kashe makulli, ta bayan fis mai girman da littafi ya ce. Wayar jikin mota a ɗaure ta da noti a kan ƙarfe tsirara, a kankare fenti.

Haɗa injin ja, ga mai kebur

Nema masa wuri a sama cikin ɗakin inji, nesa da bututun hayaƙi, kuma kamar santimita 30 daga kwayil da wayoyin fulogi, domin tartsatsinsu na rikita sigina. Na ce a sama ne saboda wannan mota ce da za ta tsallaka rafi wata rana. Kebur ɗinsa ya tafi a lanƙwashe mai faɗi, ba karyewa, ba gogar wani abu mai zafi ko mai juyawa.

Ƙarshen kebur ɗin zai kama faifan totur kusa da na asali, yana ja ta fuska ɗaya da shi. Rigar kebur ɗin a kafe ta a kan ƙarfe mai ƙarfi da ke jikin inji, ba jikin bodi ba. Inji yana rawa a kan robobinsa. Idan rigar na jikin bodi, rawar kaɗai za ta riƙa jan totur.

Tsakanin kebur da faifai ana sa 'yar sarƙa mai ƙwallaye ko madauki mai zamewa. Amfaninta shi ne idan kai ka taka totur da ƙafa, kebur ɗin na'urar ya sami inda zai saki jiki, kada ya tanƙware ya maƙale. Bar sako-sako na milimita biyu zuwa uku lokacin da totur ke rufe. Ya yi tsauri, silo zai tashi. Ya yi sako da yawa, mota za ta faɗi ƙasa da gudun da ka saita kafin na'urar ta kamo.

Yanzu gwajin da ba a tsallakewa. Mota a kashe, ka buɗe totur da hannu har ƙarshe, ka sake shi. Ka yi a hankali, ka yi da sauri, ka maimaita sau da yawa kana kallon sarƙar. Dole faifan ya koma ya rufe da ƙarar "tas" kowane lokaci, sarƙar ba ta rataye a kan noti ko sifirin ba. Idan ta maƙale ko sau ɗaya, sake tsarin daga farko. Wanda ya zaɓi mai zuƙar iska kuma, ya nemi bakinsa a jikin bututun shigar iska. Tiyon da ke zuwa tukunyar birki ba a yanka shi.

Ga mai totur na lantarki

Makulli a kashe, batir a cire, zare soket ɗin matakin totur, ka sa wayar na'urar a tsakani, ka ji kowane soket ya yi ƙaras. Idan ka zare shi makulli na kunne, ƙwaƙwalwar za ta rubuta laifi ta kunna fitilar inji. Matakin yana aika sigina biyu a lokaci guda, ƙwaƙwalwar na gwada su da juna, kuma da zarar sun saɓa sai ta rage wa inji ƙarfi. Shi ya sa ba a yanka waɗannan wayoyi ana ƙari. Ɗaure akwatin a sama, inda ƙafa da ruwa ba sa kaiwa, ka tattare ragowar waya nesa da matakai da sandar sitiyari.

Sandar maɓallai takan zauna a jikin robar da ke rufe wuyan sitiyari. Cire robar kafin ka huda, ka duba abin da ke bayanta, ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe ka ga ba ya taɓawa. Wayoyin da za su shiga ɗakin inji su bi ta robar da ke bangon tsakani, a toshe gefensu.

Saiti da gwaji

Wasu na'urori suna da ƙananan makunnai a ƙarƙashin murfi: adadin bugu, yawan silinda, giyan hannu ko otomatik, da ƙarfin ja. Wasu kuma koyo suke yi: ka nuna musu totur a sake da totur a ƙasa, sannan ka yi tafiya a gudun da littafi ya ce ka danna SET, maɓallin kama gudu. Ƙarfin ja ka fara da matsakaici. Mota marar nauyi idan ja ya yi yawa sai ta riƙa zabura tana lafawa. Idan ya yi kaɗan sai ta yi nauyin jiki a hawa.

Kafin ka fita, shiga yanayin gwaji na na'urar idan tana da shi. Fitilarta ta amsa kowane maɓalli, ta amsa birki, ta amsa kuloci. Sa wani ya tsaya a baya ya tabbatar fitilun birki suna kamawa kamar da.

Gwajin hanya a yi shi a miƙaƙƙiyar kwalta busasshiya marar cunkoso, a 2H. Yawancin na'urori ba sa kamawa ƙasa da kilomita 30 zuwa 40 a awa. Kai 60, danna SET, ɗaga ƙafa amma ka bar ta a saman birki. Da zarar ta kama, kada ka tsaya jin daɗi, taɓa birki kaɗan. Dole ta saki nan take. Sake kamawa ka gwada kuloci, sannan maɓallin kashewa. Sai ukun nan sun yi aiki za ka gwada RES (maɓallin komawa gudun da aka saita) da ƙari da ragi da gudu mai yawa. Ka tsara a ranka tun kafin ka tashi abin da za ka yi idan totur ya maƙale: kuloci ƙasa ko giya a firi, birki, gefen hanya, sannan a kashe inji. Kada ka murɗa makulli har ƙarshe mota na tafiya, sitiyari zai kulle.

Idan ta ƙi kamawa, fara da layin birki, domin shi ne ya fi yawan jawo haka, sai makunnin kuloci da ya goce, sai siginar gudu. Idan tana kamawa tana saki da kanta a gargada, duba ko matakin birki ko na kuloci yana rawa har ya taɓa makunninsa, ko tazarar maganaɗisu ta yi faɗi. Wanda ya sa manyan tayoyi ya sani malejinsa na nuna ƙasa da gudun gaskiya. Na'urar za ta riƙe abin da aka ba ta daidai, amma ya gwada da GPS ya san ainihin gudun da yake yi.

Inda ba a kunna ta

Tsakanin gatarin gaba da na baya na Jimny mai ƙofa uku milimita 2250 ne kacal, ga ta da tsayi, kuma a 2H tayoyin baya kaɗai ke turawa. Irin wannan mota idan bayanta ya zame, juyawa take yi da sauri. Na'urar ba ta ganin ruwa ko yashi ko tsakuwa. Ita dai lamba take bi, kuma a daidai lokacin da ya kamata a sassauta totur tana iya ci gaba da riƙe shi. Don haka a ruwan sama, a hanyar ƙasa, a 4H ko 4L (inda tayoyi huɗu ke turawa), a kashe ta daga babban maɓalli, ba a bar ta tana jiran RES ba.

A doguwar hawa inji ƙarami zai gaza a giya na biyar. Na'urori da yawa sukan saki da kansu idan gudu ya faɗi sosai ƙasa da saiti. Kada ka jira hakan: sauko giya na huɗu, ka danna RES. A gangara kuma ba ta taka birki, iyakarta ta rufe totur, saura aikin giya ne da ƙafarka.

Sanar da kamfanin inshorarka cewa ka ƙara wannan na'ura, domin a ƙasashe da yawa ana lissafa ta cikin sauye-sauyen da dole a bayyana, kuma idan motar na ƙarƙashin garanti ka tambayi dillalin tun kafin ka fara. Bayan mako guda ka sake buɗe bonet ka duba notin da ke riƙe rigar kebur, da sakon sarƙar, da igiyoyin da ka ɗaure wayoyi. Haka kuma duk lokacin da ka dawo daga daji, ka leƙa ƙarƙashi ka ga maganaɗisun suna nan, ka wanke lakar da ta taru a kan na'urar ji, sannan ka maimaita gwajin birki da kuloci a kilomita 60 kafin ka hau babbar hanya.